Daga Bakin Wa Dibaga Ta Ji? Karatun Rajistocin RISC-V da Amanar da ke Cikinsa

Idan manhaja ta mutu a kan ƙaramin allon lantarki wanda ba shi da fuska balle madannai, hanya ɗaya ce ta rage wa injiniya: ya tsayar da firosesa, ya tambaye ta inda ta tsaya da abin da ke hannunta a lokacin. Abin da ke hannun nata shi ne rajistoci, wasu 'yan ma'adanai da ke cikin firosesar kanta, waɗanda duk wani lissafi sai ya ratsa ta cikinsu. Manhajar da ake yin wannan tambaya da ita ita ce dibaga, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Mutum zai buga `info registers`, lambobi su zubo masa, ya ce gani ya kori ji.

Sai dai abin da ya gani ɗin ma ji ne. Lambar da ta bayyana a fuskar kwamfutarsa ta biyo ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso, kowane hannu da nasa tsarin ƙirga da nasa zato. Ta fi kama da ruwaya mai isnadi: wane ya ji daga wane, wane ya ji daga wane, kuma mutum ɗaya mai raunin kiyayewa a tsakiya ya isa ya rusa ingancinta ko da sauran duk amintattu ne. Saboda haka idan aka rubuta a takardar sanarwa cewa dibaga kaza "tana karanta rajistocin firosesa kaza", maganar ta fi yadda ake jin ta nauyi. A ganina, dibagar da ta kasa karanta rajista ta fito ta faɗa ba ta cuci kowa ba. Wadda ta cuci mutum ita ce wadda ta nuna masa lambar da ba ita ba, ba tare da wata alamar shakka ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar RISC-V. An fara tsara shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, a hannun Krste Asanović da Andrew Waterman da Yunsup Lee, tare da David Patterson, kuma an bar shi a buɗe: kowa na iya ƙera firosesa a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Ginshiƙinsa ƙarami ne. Rajistocin aikin yau da kullum 32 ne, daga x0 zuwa x31, sai pc wadda ke riƙe da adireshin umarnin da ake kai. Ita x0 kullum sifili ce, duk abin da aka rubuta mata zubar da shi take yi. Babu rajistar tutocin sakamako irin ta x86 ko ARM. Masu rubuta manhaja ba su cika kiran su da lamba ba: x1 ita ce ra mai riƙe adireshin komawa, x2 ita ce sp, daga x10 zuwa x17 su ne a0 zuwa a7 da ake miƙa wa aiki kayan da zai sarrafa.

Wannan kaɗai aka tabbatar, kuma ko shi da sharaɗi. Faɗin rajistar na iya zama bit 32 ko 64. Akwai samfurin RV32E da ya rage su zuwa 16, wanda shi ke cikin guntun CH32V003 na kamfanin WCH mai arhar gaske. Rajistocin lissafin lambobi masu ɗigo, f0 zuwa f31, suna iya kasancewa, suna iya rashin kasancewa. ESP32-C3 na Espressif ba shi da su sam. Idan suna nan, faɗinsu na iya zama 32 ko 64 ko 128. Sannan ga rajistocin sarrafawa da bayyana hali, waɗanda ake kira CSR, an ware musu adireshi 4096, kowace firosesa ta ɗauki abin da take bukata, kuma an bar wa kamfanoni wasu gurabe, kamar daga 0x7C0 zuwa 0x7FF, su zuba nasu. Dibagar da ta haddace siffa ɗaya ta ce ita ce RISC-V, ta shirya yin ƙarya ga mafi yawan guntayen da za a haɗa ta da su.

Mu fara daga ƙasa, inda babu Linux babu komai sai guntu da waya. A cikin guntun akwai wani sashe da aka gina musamman don bincike, wanda ƙa'idar binciken RISC-V ta bayyana. Bugu na 0.13.2 da aka amince da shi a 2019 shi ne wanda guntaye da yawa suka bi. Ana isa gare shi galibi ta JTAG, tsohuwar hanyar gwajin allo da aka daidaita tun 1990, ko da yake ba dole ba ne: RP2350 na Raspberry Pi da ya fito a 2024 yana amfani da wayoyi biyu na SWD, CH32V003 kuwa waya ɗaya tak. A ɓangaren kwamfuta, wanda ke magana da wannan sashe yawanci OpenOCD ne, manhajar da Dominic Rath ya faro a 2005 a matsayin aikin kammala karatunsa a Augsburg ta Jamus.

OpenOCD zai rubuta buƙatar tsayawa a rajistar dmcontrol, ya yi ta duba dmstatus har ya ga firosesa ta tsaya. Tun daga nan abu na farko mai ban sha'awa ya faru. Firosesar da ta tsaya ta shiga wani yanayi na musamman, kuma adireshin da take kai an kwafe shi zuwa wata CSR mai suna dpc. Wato pc da injiniya zai gani a fuskarsa dpc ce aka karanta aka sauya mata suna. Haka ma matakin ikon da manhajar ke gudana a kai, ko na na'ura ne ko na mai amfani: GDB na nuna shi da sunan `priv` kamar wata rajista, alhali babu rajista mai wannan suna a cikin firosesa, an ciro shi ne daga wasu bit biyu na dcsr. Wannan ba yaudara ba ce, hidima ce mai kyau. Amma yana nuna cewa tun a matakin farko akwai mai fassara a tsakani.

Karanta rajistocin yau da kullum abu ne mai sauƙi. Ana rubuta umarni a rajistar command, a faɗi lambar rajistar da ake so da faɗinta, amsa ta fito a data0. Ƙa'ida ta wajabta wa kowane guntu ya iya wannan ga x0 zuwa x31 idan firosesa na tsaye. Har ma da wannan hanya OpenOCD ke gano faɗin firosesar: zai nemi karanta rajistar s0 a faɗin bit 64, idan aka ƙi, ya san ta 32 ce. Amma ga sauran rajistoci ƙa'idar ba ta wajabta ba, kuma a nan ne aikin ya zama na lallaɓawa.

A ce ana son karanta mcause, rajistar da ke faɗin dalilin da ya sa firosesa ta faɗa tarko, a guntun da bai yarda a karanta CSR kai tsaye ba. Sashen binciken na iya samun wani ɗan wuri da bai wuce kalma 16 ba, inda dibaga za ta ajiye umarnin da take so firosesa ta aiwatar. Sai a rubuta umarnin da zai kwafe mcause zuwa s0, a sa firosesa ta gudanar da shi, sannan a karanta s0 ta hanyar da aka saba. To amma s0 ba ta dibaga ba ce, ta manhajar da ake bincike ce, kuma akwai abin da take riƙe da shi. Dole a adana shi tukuna, a mayar da shi kafin a saki firosesa ta ci gaba. Idan aka manta, ko waya ta zare a tsakani, manhajar za ta ci gaba da lambar da ba tata ba, ta faɗi a wani wuri can gaba, injiniya ya shiga neman kuskuren da kayan aikinsa ne suka haifar.

Rajistocin lambobi masu ɗigo sun ƙara wani mataki. A cikin mstatus akwai gurbin FS, wanda idan yana kashe, duk umarnin da ya taɓa f0 zuwa f31 haramtacce ne. Tsarin aiki kan bar shi a kashe da gangan ga ayyukan da ba sa wannan lissafi, don kada a ɓata lokaci wajen adana rajistocin da ba a taɓa ba. Dibagar da ke son leƙa f0 ta wannan hanya sai ta kunna FS na ɗan lokaci, ta karanta, ta mayar da mstatus yadda ta same ta. Idan ta bar shi a kunne, ta sauya halin na'urar da aka aike ta ta duba. Wannan shi ne abin da nake ganin mutane ba su cika lura da shi ba: a wannan mataki, karatu ma rubutu ne. Ana ma samun irinsa a wajen firosesa, domin a sashen rarraba katsewa na PLIC akwai rajistar da karanta ta kawai ke nufin "na karɓi wannan katsewar", don haka tagar dibaga da ke sabunta kanta a kai a kai tana iya haɗiye katsewar da manhaja ke jira.

Idan kuma rajistar da aka nema babu ita sam, firosesa za ta faɗa tarko a cikin yanayin binciken, gurbin cmderr ya nuna 3. Wannan amsa ce mai daraja, kuma wajibi ne ta isa ga mai tambaya yadda take. Yarjejeniyar sadarwa ta GDB ta tanadi hanyar faɗin haka: maimakon lambobi, sai a aiko da jerin harafin x, GDB ta nuna cewa ba a samu darajar ba. Mai tsaka-tsakin da ya ga kuskure ya cike gurbin da sifili don jerin ya yi kyan gani, ya yi babbar ɓarna. Sifili a mtval ko mcause yana da ma'ana, kuma injiniya zai gina hasashe a kansa.

Tsakanin OpenOCD da GDB akwai wannan yarjejeniya da na ambata, mai sauƙi ƙwarai, tun zamanin wayar siriyal. Kowane saƙo na farawa da alamar $, ya ƙare da # da lambobin tantancewa biyu. Harafin g na nufin a turo manyan rajistoci gaba ɗaya, p da lamba na nufin a turo ɗaya, G da P kuma na rubutawa ne. Amsar g dogon zaren lambobi ne kawai, babu suna, babu waƙafi, babu abin da ke nuna inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Kuma ana jera bayit ɗin yadda firosesa ke jera su, ƙarami a gaba, ta yadda adireshin 0x80000000 zai zo a matsayin 00000080. Rajista 33 masu bayit 4 sun zama bayit 132. Masu bayit 8 sun zama 264. Idan GDB na jiran 132 aka turo mata 264, za ta yi ƙorafin cewa amsar ta yi tsawo, kuma wannan ƙorafi alheri ne. Masifar ita ce idan tsawon ya yi daidai ko ya gaza, amma jerin ya bambanta. A guntu mai rajista 16, idan mai aikawa ya sa pc a gurbi na 17 mai karɓa kuma yana neman ta a na 33, kowane ɓangare ya yi aikinsa bisa fahimtarsa, sakamakon kuma shirme ne.

Maganin da GDB ta samo, tun kafin RISC-V, shi ne a bar na'ura ta bayyana kanta. Da an haɗu, GDB za ta nemi wata takarda mai suna target.xml, wadda ke lissafa kowace rajista da sunanta da faɗinta da lambarta da rukuninta. Ga RISC-V an ware rukunoni masu sunaye irin su org.gnu.gdb.riscv.cpu na manyan rajistoci, da makamantansa na fpu da csr da virtual da vector. OpenOCD da manhajar kwaikwayon firosesa ta QEMU duk suna haɗa wannan takarda su miƙa. A wurina wannan shi ne mafi kyawun tunani a cikin dukan tsarin, domin ya ɗauke nauyin sani daga wanda yake nesa ya ɗora wa wanda yake kusa. GDB ta fara karɓar RISC-V marar tsarin aiki a bugu na 8.2 a 2018, na Linux ya biyo a 8.3 a 2019, gdbserver kuma, wakilinta da ke gudana a kan na'urar da ake bincike, a bugu na 10 a 2020, kuma da yawa daga gyare-gyaren da suka biyo baya a kan wannan takarda suka ta'allaƙa: wace rajista ce dole, wace ce zaɓi, me za a yi idan aka turo suna da ba a sani ba.

Amma shi mai bayanin daga ina ya sani? Akwai CSR mai suna misa da ke faɗin faɗin firosesa da manyan ƙarin da take da su, harafi ɗaya bit ɗaya. Sai dai ƙa'ida ta yarda misa ta dawo da sifili, wato ta ƙi cewa komai. Kuma haruffa 26 ne kawai, alhali ƙananan ƙari masu farawa da Z sun yi yawan da ba su da gurbi a cikinta. Ɗaya daga cikinsu, Zfinx, yana sa a yi lissafin lambobi masu ɗigo a cikin rajistocin x, babu f ko ɗaya. Tarihi ma ya bar nasa tabon. A tsohon bugun ƙa'idar matakan iko na 1.9.1, rajistar da yanzu ake kira mtval sunanta mbadaddr, satp kuma sptbr. Guntun FE310 na farko da SiFive ya sa a allon HiFive1 a 2016 ya bi tsohon tsarin bincike na 0.11, wanda ya sha bamban da na 0.13 har OpenOCD ya ware masa fayil nasa daban. Rajistocin da kamfani ya ƙirƙira kuwa babu mai sanin su sai an faɗa. A OpenOCD sai mutum ya rubuta `riscv expose_csrs` da lambobinsu da hannunsa kafin su bayyana.

Ga kuma batun lambobi, wanda ke cinye lokacin duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan manhaja. Rajista ɗaya tana da lamba uku, gwargwadon wanda ake magana da shi. A wurin sashen bincike na cikin guntu, f0 ita ce 0x1020. A lissafin cikin GDB ita ce 33, domin pc ta riga ta ɗauki 32. A bayanan DWARF da kwamfaila ke sakawa cikin fayil don nuna inda kowace darajar manhaja take zaune, ita ce 32, domin can pc ba ta shiga wannan layi ba. Ita mcause adireshinta 0x342, wato 834; a GDB ana ƙara 65 ta zama 899, a DWARF ana ƙara 4096 ta zama 4930. Tazarar ɗaya tak tsakanin 32 da 33 ita ce mafi haɗari. Wanda ya rikita su zai nuna f1 a madadin f0, lamba mai kama da gaskiya, wadda ba za ta sa kowa ya ɗaga gira ba.

Ko an karanta bit ɗin daidai, saura yadda za a nuna su. Idan rajistar f mai faɗin 64 tana riƙe da lamba mai faɗin 32, ƙa'ida ta ce a cike saman da ɗaya-ɗaya. Wanda ya karanta ta a matsayin mai 64 zai ga alamar "ba lamba ba ce", ya ɗauka lissafinsa ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa GDB ke nuna fassara biyun a jere, ta bar wa mai karatu ya zaɓa. Na fi son wannan da a zaɓa masa a ɓoye.

Hanya ta biyu ita ce ta Linux, wanda ya karɓi RISC-V a bugu na 4.15 a farkon 2018. A nan babu JTAG, kuma firosesa ba ta tsaya ba. Tana can tana gudanar da dibagar kanta. Abin da ya tsaya shi ne aikin da ake bincike, kuma rajistocinsa kwafi ne da kanel ya adana lokacin da ya karɓe iko. Ana neman su ta kiran ptrace da buƙatar PTRACE_GETREGSET. Jerin da kanel ke bayarwa yana da nasa salo: da yake adana x0 ɓata wuri ne, sai aka sa pc a gurbinta na farko. Dibagar da ta ɗauko tsarin saƙon g ta ɗora a nan za ta ce x0 na riƙe da adireshi, abin da ba ya yiwuwa. GDB da kanta take cike sifilin x0. Wannan jeri ne kuma ake rubutawa a fayil ɗin da manhaja ke bari idan ta mutu, don haka duk kuskuren tsari a nan yana bin fayilolin da za a buɗe bayan shekaru. Rajistoci irin su mstatus da mcause kuwa ba a samun su ta wannan hanya sam, domin sun fi ƙarfin matakin mai amfani.

Rajistocin bekta sun gwada wannan tsari gwaji mai tsanani. Ƙarin V, wanda aka amince da bugunsa na 1.0 a 2021, ya kawo v0 zuwa v31, amma bai faɗi faɗinsu ba. Mai ƙera guntu ne ke zaɓa, daga bit 128 ga cikakken V har zuwa 65536. A ƙaramin zaɓi duka rajistocin bayit 512 ne. A babba, kowace ɗaya bayit 8192 ce. Ana sanin faɗin daga CSR mai suna vlenb, kuma ma'anar abin da ke ciki ta dogara da vtype da vl, waɗanda ke sauyawa yayin da manhaja ke gudana: rajista ɗaya yanzu jerin bayit ce, an jima jerin lambobi masu bit 64, ko ma a haɗa ta da maƙwabtanta su zama ɗaya. Ta JTAG, OpenOCD kan sauya vtype da vl na ɗan lokaci, ya riƙa zaro gutsure ɗaya zuwa rajistar x, ya zame sauran, ya sake zarowa, har ya zagaye, sannan ya mayar da komai mazauninsa.

Abin da ya faru a Linux a 2023 ya cancanci a tuna da shi. Bugu na 6.5 ya kawo goyon bayan bekta, amma dab da fitarsa masu kula da RISC-V suka cire ɓangaren ptrace. Dalili biyu ne: lambar da aka ba sabon rukunin ta ci karo da wadda aka riga aka yi amfani da ita ga rukunin CSR, kuma tsarin bai ƙunshi vlenb ba, ta yadda wanda ya buɗe fayil ɗin manhajar da ta mutu a wata kwamfuta daban ba zai san inda v0 ta ƙare v1 ta fara ba. Aka gyara, aka dawo da shi a 6.6. Na yaba wa wannan shawara ƙwarai. Abin da kanel ya fitar ga masu amfani ba ya janyuwa cikin sauƙi, kuma 'yan watanni babu karatun bekta sun fi shekaru ana karanta shi a karkace. Ga kuma ƙarin rikici daga guntayen da suka riga ƙa'ida fita kasuwa, kamar Allwinner D1 mai firosesar C906 ta T-Head, wanda ya bi daftarin bekta na 0.7.1 da bai dace da na 1.0 ba. Sunayen rajistocin iri ɗaya ne, tsarin bit ɗin vtype kuwa daban.

Akwai mataki na ƙarshe da dibaga ke yin hasashe da kanta, kuma nan ne ƙwararru ma ke zamewa. Idan aka tsaya a cikin wani aiki, aka buga `up` don a koma ga wanda ya kira shi, rajistocin da GDB ke nunawa ba karanto su ta yi daga firosesa ba, sake gina su ta yi. Yarjejeniyar kira ta ce s0 zuwa s11 da sp amana ce a hannun wanda aka kira: idan zai taɓa su, sai ya adana ya mayar. Kwamfaila na rubuta inda aka adana kowace, GDB ta bi ta ɗauko. Amma a0 zuwa a7 da t0 zuwa t6 babu wanda ya yi alkawarin kiyaye su. Idan bayanan sun fito fili sun ce ba a adana rajistar ba, GDB na nuna haka. Idan sun yi shiru, kuma ba a koya wa GDB tsarin adana rajistocin na'urar ba, littafin jagorarta da kansa ya bayyana cewa tana ɗauka darajar ba ta sauya ba. Sai mutum ya hau mataki uku sama, ya ga a0, ya ɗauka abin da aka miƙa wa wancan aiki ke nan, alhali abin da aikin can ƙasa ya bari ne. A nan ina ganin ya kamata dibagogi su fi haka tsauri, su riƙa yi wa irin waɗannan rajistoci alama ko da bayanan sun yi shiru, tunda yarjejeniyar kiran sananniya ce.

To nauyin wa ne? Mafi yawansa na masu ƙera guntu ne. Kamfanoni da dama na raba nasu kwafin OpenOCD ko GDB da suka yi wa gyara. Wannan ba laifi ba ne a farkon fitar guntu, kuma wasu, kamar Espressif, suna ajiye nasu a fili inda kowa zai duba. Matsalar tana zuwa ne idan gyaran bai taɓa komawa ga uwar manhajar ba: bayan shekara biyu kwamfaila ta ci gaba, dibagar kamfani ta tsaya a inda take, mai guntu ya rasa wadda zai amince da ita. Kamfanin da ya ƙara CSR goma a firosesarsa bai wallafa sunayensu da lambobinsu da ma'anar kowane bit ba, ya sayar da na'urar da mai ita ba zai iya yi mata tambaya ba. Akwai dalili na gaskiya na rufe ƙofar bincike a kayan da aka kai kasuwa, domin wanda ke iya karanta rajistoci yana iya karanta makullin sirri yayin da suke wucewa, kuma shi ya sa ESP32-C3 ke da fis na cikin guntu da ake ƙonawa a kashe JTAG har abada. Amma rufe ƙofa da gangan daban, barin ta a buɗe babu bayani daban.

Shi kuwa mai amfani, yana da hanyar duba isnadin da kansa, kuma ba ta da wuya. Umarnin `set debug remote 1` na sa GDB ta nuna kowane saƙo da ke shiga da fita, a ga takardar bayanin da aka turo da zaren amsar g ɗanye. `maint print remote-registers` na nuna lambar da kowace rajista ke da ita a kan waya da gurbin da take farawa a cikin zaren. Daga nan sai gwaji biyu masu arha: x0 dole ta zama sifili, kuma pc dole ta faɗa cikin yankin da aka loda manhaja. Idan firosesa ta faɗa tarko aka ga mcause na nuna 2, wato haramtaccen umarni, sai a buɗe umarnin da ke adireshin mepc a duba. Idan ya kasance umarnin lissafin ɗigo ne a guntun da ba shi da rajistocin f, mcause da mepc da umarnin sun gaskata juna, kuma kuskuren yana cikin zaɓin da aka ba kwamfaila lokacin harhaɗa manhajar.